Tambayoyi da Amsoshi Kan Ziyarar Garin Leavenworth da Kwanan Tanti a Tsaunukan Cascade

Ina ne Leavenworth, kuma me ya sa ake kiransa ƙauyen Bavariya?

Leavenworth ƙaramin gari ne a gundumar Chelan ta jihar Washington, arewa maso yammacin Amurka. Yana gindin tsaunukan Cascade ta ɓangaren gabas, kusa da inda ƙoramar Icicle take haɗuwa da kogin Wenatchee, kuma ƙidayar 2020 ta nuna cewa mazaunansa 2,263 ne. Abin da ya fito da sunansa shi ne tsarin gine-ginensa, domin duk tsakiyar garin an gina shi ne da fasalin ƙauyukan Bavariya, jihar nan ta kudancin Jamus mai hedikwata a Munich. Rufin gidajen yana da faɗi da tsini, barandunsu na katako ne masu sassaƙa, tukwanen furanni suna rataye a jikinsu, an yi zane-zane a bango, an kuma rubuta sunayen shaguna da tsohon salon haruffan Jamusanci. Dokar garin ta wajabta wannan salo, har manyan kamfanoni irin su Safeway da McDonald's da Starbucks sai da suka daidaita gine-ginensu da allunansu da shi.

Jamusawa ne suka kafa garin?

Ba su ba ne, kuma a ganina labarin yadda abin ya faru ya fi gine-ginen kansu daɗin ji. Tun kafin zuwan Turawa, wannan mahaɗar ruwa wurin kamun kifin salmon ce ta al'ummar P'squosa, waɗanda aka fi sani da Wenatchi. Garin ya kafu ne bayan da layin dogon kamfanin Great Northern ya iso yankin a farkon shekarun 1890, aka tabbatar da shi a matsayin gari a hukumance a 1906, ya kuma bunƙasa da jirgin ƙasa da babbar masana'antar yankan katako. A shekarun 1920 kamfanin jirgin ya mayar da cibiyarsa garin Wenatchee, ya karkatar da layin ya daina bi ta tsakiyar garin, masana'antar katakon ita ma ta rufe. Daga nan garin ya durƙushe, ya shafe fiye da shekara 30 shaguna suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, matasa suna ficewa neman abinci, har ana fargabar zai zama kufai.

A 1962 mutanen garin suka kafa wani shiri na ceto shi mai suna Project LIFE tare da taimakon Jami'ar Washington. A daidai wannan lokaci akwai wasu 'yan kasuwa biyu, Ted Price da Bob Rodgers, waɗanda suka sayi wani gidan abinci a bakin babbar hanya a 1960, suka gyara shi da salon tsaunukan Turai, suka sa masa suna Squirrel Tree, kuma kasuwa ta karɓe shi. Rodgers ya yi aikin soja a Bavariya, ya ga yadda tsaunukan can suka yi kama da na nan. Su ne suka matsa wa masu shaguna da su sauya fuskar gine-ginensu, suna kafa hujja da garin Solvang na Kalifoniya wanda ya farfaɗo da salon Denmark. A 1965 aka fara aikin, kuma cikin gine-ginen farko akwai tsohon otal ɗin Chikamin na LaVerne Peterson, wanda ya koma Edelweiss. Masu shagunan da kuɗinsu da bashin da suka ci suka yi wannan aiki, a garin da ciniki ya riga ya mutu, ba su da tabbacin ko mutum ɗaya zai tsaya ya duba.

Idan kwaikwayo ne, ya cancanci mutum ya yi doguwar tafiya dominsa?

Ya cancanta, amma da sharaɗin mutum ya san abin da ya je nema. Wanda ya taɓa zuwa kudancin Jamus zai gane cikin minti kaɗan cewa ado ne aka yi wa garin Amurkawa, kuma mutanen garin ba sa ɓoye haka. Babban titinsa, Front Street, ana iya zagaye shi da ƙafa a yini guda, a ga dandalin makaɗa da dogon sandan ado na bikin watan Mayu, a leƙa shagunan alewa da cuku da kayan tsaraba. Abin da ba a ƙirƙira ba shi ne tsaunukan da suka kewaye garin da ruwan da yake gangarowa daga cikinsu, kuma su ne suka sa nake ba da shawarar a kwana a daji a riƙa shigowa gari, maimakon a kama ɗaki mai tsada a cikin cunkoso. Wanda ya yi haka yakan ba garin yini ɗaya, ya ba kwarin Icicle sauran kwanakinsa, ya koma gida bai ji ya yi asarar kuɗinsa ba.

Ta ina ake bi a isa can?

Daga Seattle, birni mafi girma a jihar, tafiyar kusan kilomita 190 ce, sa'a biyu zuwa biyu da rabi a mota idan hanya babu cunkoso. Hanyar da aka fi bi ita ce babbar hanya mai lamba 2, wadda take haurawa ta mashigin Stevens mai tsayin mita 1,238, sannan ta gangaro ta kwazazzabon Tumwater, kogi yana tafasa a gefenta, ta faɗa cikin gari. Ɗaya hanyar ita ce I-90 ta mashigin Snoqualmie, sannan hanya mai lamba 97 ta mashigin Blewett. Da yammacin Lahadi hanya mai lamba 2 takan cushe da masu komawa birni, saboda haka wanda yake da zaɓi ya dawo da safe ko ranar Litinin. Jirgin ƙasan Amtrak mai suna Empire Builder yana tsayawa a tashar Icicle da aka buɗe a 2009, akwai kuma bas daga Wenatchee mai nisan kusan kilomita 35. Sai dai mai niyyar kwanan tanti ba shi da makawa sai da mota, domin wuraren zango suna nesa da gari. Kafin a tashi, a duba sanarwar ma'aikatar sufuri ta jihar, saboda gobarar daji da zaftarewar ƙasa sukan sa a rufe hanya.

Yaya yanayin yake a lokacin zafi?

Lokacin zafinsu yana faɗowa ne daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da damina take tsaka a ƙasar Hausa, amma a can rani ne. Mutane da yawa sun san Seattle da ruwan sama, sai su zaci duk jihar haka take, alhali tsaunukan Cascade suna tare gajimaren da yake tasowa daga teku, ruwan ya zube a yammacinsu, gabashin ya zauna a bushe. A Yuli da Agusta zafin rana yakan haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ya yi sama da haka sosai, da dare kuma ya sauko kusa da digiri 10. Wanda ya san tsakar hunturu a Kano ko Damagaram, inda rana take da zafi asuba kuma take da sanyi mai shiga ƙashi, ya riga ya san yanayin. Don haka a tafi da hula mai faɗi da ruwan sha mai yawa, a haɗa da rigar sanyi da jakar barci mai kauri da shimfiɗar da za ta raba jiki da ƙasa.

Babbar matsalar ƙarshen lokacin zafi ita ce hayaƙi. Daga Agusta zuwa Satumba gobarar daji, ko ta kusa ko ta nesa, takan lulluɓe kwarin da hazo mai ƙauri har a kasa ganin tsaunuka, kuma mai ciwon asma da ƙananan yara da tsofaffi su ne suka fi wahala. A 1994 gobara ta kewaye garin har ta ƙone dazuzzukan kwarin Icicle, kuma har yau ana ganin tabonta a jikin tsaunuka. Saboda wannan dalili na fi son ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli.

A ina ake kafa tanti?

Wuraren zango iri uku ne. Na farko su ne na hukumar gandun daji ta tarayya da suke jere a kan titin Icicle, cikin gandun dajin Okanogan-Wenatchee. Mafi kusa da gari shi ne Eightmile, kimanin kilomita 13, sai Bridge Creek da Johnny Creek da Ida Creek da Chatter Creek da Rock Island, kowanne yana ƙara nisa da tsayi da sanyi. A waɗannan wurare ana samun fili na tanti da teburi da murhun ƙarfe da masai irin na rami, amma babu lantarki, babu wurin wanka, kuma da zarar an nutsa cikin kwarin waya takan daina kamawa. Wasu filayen ana kama su tun da wuri ta shafin Recreation.gov, yawanci wata shida kafin ranar, wasu kuma na wanda ya riga isowa ne. A nan maganar nan ta zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri take aiki sosai, domin wanda ya iso da yammacin Juma'a a watan Yuli zai iya zagaye duk kwarin bai sami fili ba, wanda ya iso da hantsin Talata ko Laraba kuwa yakan zaɓa ya darje.

Na biyu shi ne gandun shaƙatawa na jiha da yake bakin tafkin Wenatchee, kusan kilomita 30 arewa maso yamma da garin. Yana da bandaki mai ruwa da wurin wanka da bakin ruwa mai yashi, kuma ya fi dacewa da mai iyali, sai dai sauronsa a farkon lokacin zafi ya yi suna, iska kuma takan taso da rana ta kaɗa tanti. Na uku su ne wurare masu zaman kansu kusa da gari, irin su KOA, masu lantarki da wurin wanki da wurin iyo, kuɗinsu ya fi yawa, maƙwabta kuma sun fi matsowa kusa.

Zaɓina shi ne kwarin Icicle. Safiyar farko da na kwana a can, sanyi ne ya tashe ni kafin ƙararrawar waya. Na fito da buta, ruwan da ya kwana a cikinta yana yanka yatsu, kwarin yana cikin duhu, babu abin da ake ji sai rugugin ƙorama. Ina zaune a kan darduma bayan salla na ga rana ta fara taɓa kan duwatsun can sama, ta mayar da su ja, alhali inda nake ko inuwar bishiya ba ta fito ba, sai da aka ɗauki lokaci mai tsawo kafin hasken ya gangaro ya iso teburin da na ɗora shayi.

Wane izini ake buƙata?

Kuɗin zango daban, izinin ajiye mota daban. A yawancin bakin hanyoyin hawan dutse na gandun dajin tarayya ana buƙatar takardar Northwest Forest Pass ko ta America the Beautiful a rataye a gilashin mota, a filayen jiha kuwa Discover Pass ake nema, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. A tsakiyar garin ma ajiye mota na kuɗi ne.

Izinin da ya fi wahalar samu shi ne na kwana a yankin Enchantments, jerin tafkunan nan na saman tsauni da suka sa masu hawan dutse suke tururuwa daga ko'ina. Daga 15 ga Mayu zuwa 31 ga Oktoba ba a kwana a can sai da izini, kuma ana rabon mafi yawansa ne ta ƙuri'a da ake buɗewa a watan Fabrairu, masu nema kuma sun ninka guraben sau da yawa. Mai zuwa ya dawo a yini guda ba ya shiga ƙuri'a, takarda kawai zai cike kyauta a bakin hanya. Ba a shiga yankin da kare, ba a hura wuta a cikinsa, ayari kuma ba ya wuce mutum 8.

Wace hanyar tafiyar ƙafa ce ta dace da sabon shiga?

Zagayen Icicle Gorge, mai tsawon kusan kilomita 6 da rabi, yana bin ƙorama cikin inuwa, ba shi da hawa mai wahala, yara ma suna iya gama shi. Tafkin Colchuck shi ne wanda hotunansa suka cika intanet, ruwansa shuɗi mai haske a gindin duwatsu masu tsini, amma zuwa da dawowa kusan kilomita 13 ne, da hawan kusan mita 700 a kan duwatsu da saiwoyi, kuma wurin ajiye motarsa yakan cika tun kafin gari ya waye. Daga Colchuck zuwa mashigin Aasgard ana hawa kusan mita 600 a tazarar da ba ta kai kilomita 2 ba, dusar ƙanƙara takan daɗe a wurin har cikin Yuli, kuma an sha rasa rayuka a can. Wanda bai saba ba ya tsaya a bakin tafkin, ya ci guzurinsa, ya juyo da sauran rana.

Ana iya hura wuta a zango?

A farkon lokacin zafi ana iyawa, a cikin murhun da aka tanada kaɗai. Idan daji ya bushe, hukuma takan hana wutar itace da ta gawayi gaba ɗaya, wani lokaci tun daga Yuli, a bar murhun gas mai makunni kawai. Don haka wanda ya ci burin gasa tsire a kan garwashi ya tafi da murhun gas a matsayin madadi, ya kuma tambayi ofishin gandun daji na Wenatchee River da yake cikin garin halin da ake ciki ranar da ya iso. Itacen wuta a saye shi a yankin, domin wanda aka ɗauko daga nesa yana iya zuwa da ƙwarin da suke kashe bishiyoyi. Wasan tartsatsin wuta haramun ne a gandun dajin tarayya ko da ranar 4 ga Yuli ce, ranar bikin 'yancin Amurka. Kafin a kwanta a zuba wa wuta ruwa, a juya tokar, a sake zubawa, har sai an iya taɓa ta da hannu.

Kogin Wenatchee yana da haɗari?

Yana da shi, kuma kyansa ne yake ruɗar mutane. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ce, ko a ranar da ake zufa yana iya ɗauke numfashin wanda ya faɗa ciki ya sandarar da gaɓoɓinsa cikin ɗan lokaci, komai iya iyonsa. A Mayu da Yuni kogin yana cike yana gudu, lokacin ne kamfanoni suke kai mutane sukuwar kwalekwalen roba zuwa wajen garin Cashmere tare da ƙwararrun jagorori. Idan ruwa ya ja baya a Yuli da Agusta, sai a koma shawagi a kan tayar roba a sassan da suke kwance kusa da gari. Ko a nan ɗin a sa rigar ceto, yara kuma kada a bar su su kaɗai a bakin ruwa. Ɓangaren kwazazzabon Tumwater na ƙwararru ne zalla, a kalle shi daga bakin hanya. Ruwan ƙorama kuma, duk garai ɗinsa, ba a shan sa sai an tace ko an tafasa.

Namun daji fa?

Akwai baƙar beyar a dazuzzukan yankin, kuma ƙamshin abinci ne yake jawo ta. Abinci da shara da man goge baki da tukunyar da ba a wanke ba duk a kulle su a mota, kada a shiga da su tanti. A gangaren da suke da zafi da duwatsu akwai maciji mai dafi wanda yake kaɗa ƙarshen wutsiyarsa ya yi ƙara, saboda haka a riƙa duba inda za a sa hannu da ƙafa. A saman tsauni kuma akwai fararen awakin dutse masu ƙaho, waɗanda suke bin mutane saboda gishirin da yake cikin fitsari, kamar yadda dabbobinmu suke bin kanwa. Shi ya sa ake umartar masu hawa su yi amfani da masan da aka tanada, ko su yi a kan dutse, domin idan aka yi a kan ciyawa awakin sukan tone wurin su kashe tsiron da ya ɗauki shekaru yana girma.

Musulmi zai sami abin da zai ci?

Sai ya yi shiri. Abincin Bavariya ya ginu ne a kan naman alade da giya, kuma garin yana alfahari da su. Tsiran da ake kira bratwurst galibi na alade ne, soyayyen naman da ake kira schnitzel sau da yawa haka, wasu miyoyi da kabejin da ake jiƙawa ma akan dafa su da giya ko kitsen alade, don haka tambaya ta zama dole, kuma ma'aikatan sun saba da ita. Abin da yake da sauƙi shi ne kifi, da burodin nan mai lanƙwasa da gishiri a bayansa, da taliyar ƙwai da cuku, da kek ɗin tuffa. Mafi kwanciyar hankali shi ne a sayi naman halal a yankin Seattle, inda shagunan Somaliyawa da sauran Musulmi suke da yawa a Tukwila da SeaTac, a zuba shi a kula da ƙanƙara, a dafa a zango. Kilishi da garin kwaki da shinkafa da yaji suna da amfani ƙwarai a irin wannan tafiya. Kwarin Wenatchee kuma ƙasar lambuna ce, ta yi suna da tuffa a duk Amurka, kuma a ƙarshen Yuni da Yuli rumfunan bakin hanya wajen Peshastin da Cashmere sukan cika da ceri da aka tsinko a ranar.

Yaya batun salla?

Abu biyu ne sukan ba baƙo mamaki. Na farko, alƙibla a nan ba gabas take ba. Daga jihar Washington ana fuskantar arewa ne, a ɗan karkata zuwa gabas, kuma tun da waya ba ta kamawa a cikin kwari, a tabbatar da kusurwar kafin a shiga, ko a tafi da kamfas. Na biyu shi ne tsawon yini. A ƙarshen Yuni yini yana kai kusan sa'a 16, rana takan faɗi wajen ƙarfe 9 na dare, isha'i ta yi nisa cikin dare, asuba kuma ta shigo wajen ƙarfe 3, saboda haka a sauke jadawalin lokutan tun daga gida. Masan zango ba su da ruwa, buta tana cikin kayan da ba a mantawa. Alwala da wanke-wanke da sabulu a yi su nesa da ƙorama, kamar taku 70, domin ruwan nan shi kifaye suke rayuwa a ciki, shi kuma ake sha a can ƙasan kwarin.

Me za a yi da yara a cikin gari?

Gidan tarihin mutum-mutumin fasa gyaɗar Turai, wanda George da Arlene Wagner suka buɗe a 1995, yana da dubban irinsu daga ƙasashe da ƙarnoni daban-daban, kuma wuri ne mai sanyi da tsakar rana. A otal ɗin Enzian Inn ana busa dogon ƙahon katako irin na makiyayan tsaunukan Alps kowace safiya daga baranda, ana jin sa daga titi, kuma duk wanda ya san kakaki zai tsaya ya saurara. Gandun Waterfront da tsibirin Blackbird suna bayan shaguna kaɗan, da hanyoyi masu inuwa a bakin kogi.

Wurin da na fi so a kai yara shi ne cibiyar ƙyanƙyasar kifi ta tarayya da take kan ƙoramar Icicle, wadda aka gina wajen 1940 domin rage asarar da madatsar ruwa ta Grand Coulee ta jawo bayan ta toshe wa kifin salmon hanyar komawa mahaifarsa. Shiga kyauta ne. A nan ake rainon ƙananan kifaye a saki, su bi kogin Wenatchee su shiga kogin Columbia, su wuce madatsu bakwai su kai teku, bayan shekaru waɗanda suka tsira su dawo wannan ƙorama. Wanda ya zo a watan Yuni zai iya tarar da manyan da suka dawo suna kwance a ƙasan ruwa, jikinsu duk tabon tafiya.